Awa Shida Tsakanin Jidda da Maamobi

Jidda, 12 ga Janairu, 1986

Zuwa ga ƙanwata Fulera,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi wata uku bai ji tsiwarki ba, har ya fara kewarta. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Nashiru. Ki durƙusa ki gaishe mini da Mma, ki gaishe da Kawu Sulemana da mutanen gida kaf. Ni lafiyata ƙalau, sai dai zafin garin nan da ke neman dafa ni a cikin mota.

Aiki ya kama. Babbar motar siminti suka ba ni, ina kaiwa wani gari da ake kira Yanbu, in kwana in dawo. Mu takwas ne a ɗaki, biyu Kanawa ne. Kullum sai sun yi mini dariya, wai Hausarmu ta Zango ba ta san mace ba, kowa "shi" ne. Na ce su zo Maamobi su gwada gyara wa Mma magana a gaban tukunyar kokonta, su ga yadda za su ƙare.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. A wasiƙarki kin ce tun da na tafi Mma ba ta barcin kirki, kullum cewa take na tafi bangon duniya, ko mutuwa ta yi sai dai in ji labari. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Jiya na biya ta shagon masu sayar da tikitin jirgi, akwai taswira a bango, na sa mutumin ya duba mini. Daga filin jirgin Jidda zuwa namu na Kotoka kilomita dubu huɗu da ɗari shida ne, ko kusa da haka. Na san kilomita ba za ta shiga kan Mma ba, don haka ki bar ta. Ki ce mata awa shida. Idan na yi sallar asuba a nan na hau jirgi, kafin ladanin layinmu ya kira azahar ina tsakar gida ina tambayar abin da aka rage mini. Ki tuna mata shekarar da ta je biki Tamale, ta wuni ta kwana a hanya. To na fi Tamale kusa.

Ki karanta mata wannan wurin sau biyu. Ki kuma roƙe ta ta rage tashin sassafe saboda koko, lokacin hutunta ya yi.

Yayanki,
Seidu

Maamobi, 9 ga Fabrairu, 1986

Yaya Seidu,

Wa'alaikumussalam. Duk muna lafiya, kowa ya amsa gaisuwarka. Kawu ya ce ka riƙa yi masa addu'a in ka shiga Makka, ka ambaci gwiwarsa da suna.

Sau biyu ka ce, sau biyar na karanta. Da farko ba ta yarda ba. Ta ce kai ne fa Seidun da in an aike shi sayen gishiri ya ce yanzu zai dawo, sai an je filin ƙwallo an kamo shi. Ta sa na kira mata Hajiya Alima ta gidan bayanmu, wadda ta sauke farali bara waccan, ta ce ita dai ta hau jirgin da ƙafarta, ba a bango ta gani ba.

Hajiya ta zo ta zauna, ta dubi Mma ta ce, "Gaskiya ne paa, Amama. Da hantsi muka tashi a Kotoka. Shayi ɗaya, shinkafa ɗaya, sai muka ji an ce mu ɗaura ɗamara, mun iso."

Mma ta ƙirga a yatsunta, ta ce, "Ashe yaron nan a bayan gida yake."

Tun ranar babu mai sayen koko da bai ji ba. Direbobin motocin haya, trotro, da ke tsayawa wajenta har sun haddace, suna zuwa sai su ce, "Mma, awa nawa?" ita kuma ta ɗaga musu yatsu shida da ludayi a hannu. Ka san yadda jirage ke wucewa ta kanmu, da can zaginsu take wai suna hana ta jin kiran salla. Yanzu wanda ya tashi ba ruwanta da shi, amma mai saukowa sai ta bi shi da ido har ya ɓace a bayan rufin mutane. Tana barci yanzu, Yaya, har da minshari. Allah Ya yi maka albarka.

Maganar koko kuwa ka manta. Ta ce ranar da ta daina tatar gasara, ranar za a san ta tsufa. Ƙafafunta na ɗan kumbura da yamma, amma ta ce tsayuwa ce.

Ƙanwarka,
Fulera

Maamobi, 24 ga Agusta, 1986

Yaya Seidu,

Gaisuwa mai yawa, da barka da Salla. Wasiƙunka biyu sun zo, ban amsa ba, ka yi haƙuri. Ɗinkin Salla ya danne ni, sannan abubuwan gida.

Mma ta ajiye koko. Ta ba Hamsatu matar mai shagon kusurwa tukunyar da ludayin, har da wurin zamanta na bakin titi. Yanzu tana gida tana hutawa, yawanci a kwance a bakin ƙofar ɗakinta inda iska ke shigowa. Ta ce in gaya maka ka samu abin da kake so.

Ta ce kada in ƙara komai a kan wannan, ni ma ban ƙara ba.

Fulera

Jidda, 15 ga Satumba, 1986

Ƙanwata,

Ina gaishe ku da kyau, ina fatan kowa lafiya. Ni sai godiya.

Wasiƙarki gajera ce kamar wadda aka ce za a caje ki kan kowane harafi, amma ban taɓa samun mai daɗinta ba. Alhamdu lillahi. Shekara nawa ina roƙon matar nan ta zauna? Na karanta wa 'yan ɗakinmu, na ce yau uwata ta zama hajiyar gida, saura kujerar Makka. Ki ce mata ta miƙe ƙafa ta yi ta ba ku umarni, dama aikin da ta fi iyawa ke nan bayan koko.

Hutuna sai baɗi bayan Babbar Salla, haka yarjejeniyar take, shekara biyu. Na ga wani bargo mai laushi a kasuwa, da shi zan zo mata. Ki tambaye ta kore take so ko ruwan ƙasa.

Ke kuma ki daina rowar takarda.

Yayanki,
Seidu

Maamobi, 10 ga Oktoba, 1986

Yaya,

Ina gaishe ka. Mu dai ga mu nan.

Na karanta wasiƙarka na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Matar da ta yi shekara talatin da biyu ba ta bar murhunta ya huce ba, ranar da aka haife ni ma sai da ta sallami masu saye, ita ce ka ɗauka son hutu ya kwantar? Na zaci za ka gane. Laifina ne, na rubuta maka rabin magana na zauna ina jiran ka cike sauran.

Mma ba ta da lafiya, Yaya. Tun bayan azumi kumburin ya hau daga ƙafa zuwa ciki. Ba ta iya kwanciya a miƙe, sai an jingina ta da matasai uku. Mun kai ta asibiti sau huɗu. Likita ya ja ni gefe ya ce zuciyarta ce ta gaji, magani zai rage mata wahala amma ba zai mayar da ita ba. Na tambaye shi wata nawa, ya ce wannan na Allah ne, amma in akwai wanda take son gani a kira shi.

Da muka dawo gida na ce mata zan rubuto ka taho. Ta kama hannuna.

"A'a. Ya zo ya zauna yana kallona wata guda, ya rasa aikinsa? Mutumin da ke awa shida ba a tashinsa tun yanzu."

Na ce, "Mma, in kuma abin ya zo da sauri fa?"

Ta ce, "Ni zan sani. Uwata ta san ranarta, ni ma zan san tawa. In na ce yau ce, Sulemana ya je ya buga masa tarho. Kafin azahar yana nan. Ni dai hannunsa nake so a ƙarƙashin kaina, shi ya rufe mini ido. Ban roƙi Allah fiye da haka ba."

Kawu ya goyi bayanta, Hajiya Alima ma haka. Ni kaɗai ce zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ban san dalili ba, tunda kai da kanka ka auna. Wannan wasiƙar ma a ɓoye na rubuta ta, a shago.

Ga yadda muka shirya. Lambar ofishinku da ka ba mu tana cikin aljihun Kawu, a naɗe cikin leda. Ranar da Mma ta faɗa, zai tafi babban gidan waya na cikin gari ya kira. Kai dai ka haɗa jakarka ka ajiye a bakin gado. Kada ka tsaya sayen tsaraba, kada ka tsaya neman bargo. Ka hau jirgi kawai.

Ƙanwarka,
Fulera

Jidda, 1 ga Nuwamba, 1986

Fulera,

Allah Ya ba Mma sauƙi, Ya sa kaffara ne. Yau wasiƙarki ta iso, kwana ashirin da biyu a hanya. A tsaye na karanta ta, har yanzu ban iya zama ba.

Ki nemi wurin da babu kowa kafin ki ci gaba.

Awa shida gaskiya ne, amma a sama ne kawai. Jirgin da Hajiya Alima ta hau na alhazai ne, shi ne ke tashi daga Accra ya miƙe zuwa Jidda ba tsayawa, kuma shekara-shekara yake yi. Yanzu babu shi. Wanda zan samu sai na bi ta Alƙahira, in kwana biyu a can ina jiran wani, shi kuma sau ɗaya yake tashi a mako, ya sauka a Kano, ya sauka a Legas, sannan Accra. Ranar da na shiga shagon nan mutumin ya fara yi mini wannan bayanin, na katse shi, na ce ni dai a sama awa nawa ne. Abin da nake son ji na tambaya, shi na rubuto muku.

Wannan ma ƙarami ne. Fasfona ba ya hannuna. Tun ranar da na sauka yana kulle a ofishin maigidan kamfani, haka ake yi wa kowa a nan. Ba a fita ƙasar sai ya sa hannu, sannan a kai wa hukuma ta buga hatimi. A watan Maris mahaifin ɗaya daga cikin Kanawan ɗakinmu ya rasu, sai da ya yi kwana goma sha tara kafin ya taka jirgi. A lokacin na ɗauki takarda zan gyara maganata, sai na sake karanta wasiƙarki inda kika ce Mma na barci har da minshari. Na mayar da takardar. Na ce ai lafiyarta ƙalau, in na zo hutu na faɗa muna dariya.

Yau na je ofis na roƙa. Maigidan ya yi tafiya ƙasar waje, sai ashirin ga wata zai dawo, kuma babu mai taɓa akwatin sai shi. In komai ya tafi daidai, farkon Disamba ina Maamobi. Ko sun riƙe mini aikin ko sun kore ni, zan taho.

Na tsaya a ƙofar gidan waya zan buga telegiram, na fasa. Kawu ne zai karɓa, kuma kin san shi, a tsakar gida zai buɗe ya karanta da ƙarfi a gaban Mma. Ba na son ta ji ta haka. Ke kika san yadda za ki faɗa mata a hankali. Ki ce mata ina hanya, amma hanyar ta fi yadda na ce tsawo. Ki ce ta jira ni. Ki ce ta yafe mini.

Kada ku dogara da tarhon nan, Fulera. Don Allah kada ku dogara da shi.

Yayanki mai jin kunyarki,
Seidu

Maamobi, 24 ga Nuwamba, 1986

Yaya Seidu,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri. Allah Ya jiƙan Mma, Ya sa ta huta, Ya ba mu haƙurin rashinta. Telegiram ɗinka ya zo, mun ji za ka iso kafin sadakar arba'in. Malam Abdulganiyu na masallacinmu zai tafi umra jibi, shi zan ba wannan ya kawo maka. Gara ka karanta a can, domin in ka zo ba zan iya kallon fuskarka in faɗa ba.

Wasiƙarka ta ɗaya ga wata ranar addu'ar bakwai ta iso. Ina cikin raba wa mata masar sadaka aka miƙo mini. Na shiga bayan gida na karanta, na daɗe ban fito ba. Na ji haushinka, Yaya, kuma har yanzu ina ji, ba zan ɓoye maka ba. Na ji haushin kaina fiye da haka. Wata biyu na yi ina bin umarnin marar lafiya, alhali tun Agusta zan iya rubuta maka kalma uku, in ce ka taho yanzu. Ban nuna wa Kawu wasiƙar ba.

Ka tambaya a telegiram yadda ta cika. Ga shi.

Ranar Alhamis, goma sha uku ga wata, bayan na idar da asuba ta kira ni. Muryarta a sarari, fiye da yadda take a 'yan kwanakin. Ta ce, "Yau ce. Gaya wa Sulemana." Kawu ko karyawa bai yi ba ya fita. Wajen ƙarfe bakwai ya samu layi. Wani mutum ya ɗauka, ba ya jin Turanci, Kawu ya haɗa da Larabcinsa na makarantar allo, ya ce uwar Seidu direba tana bakin mutuwa, ya taho yau. Mutumin ya ce masa "ɗayyib, ɗayyib," wato to, to. Kawu ya dawo yana murna, ya ce saƙo ya isa. Yanzu da ka ce a telegiram ɗinka maigadi ne ya ɗauka, ofis a rufe yake Alhamis da Juma'a, kai kuma kana Yanbu sai Asabar ka ji, na gane. A ranar ba mu san ko ɗaya ba.

Mma ta sa na canza mata zane, na ɗaura mata kallabin da ka bar mata. Ta ce a share ɗakinka, a buɗe taga. Ta ce a juya shimfiɗarta ta fuskanci ƙofar gida. Ba ta iya ganin agogo, sai ta riƙa bin inuwar katanga, tana tambayata ina ta kai. Hajiya Alima na zaune a gefenta da carbi. Numfashin yana yi mata wuya, sai ta ja, ta tsaya, har in tsorata, sannan ta sake ja. Ina ganinta tana riƙe kanta da ƙarfin tsiya, yadda take riƙe tukunya mai zafi har ta kai inda za ta dire.

Ƙarfe goma sha biyu Kawu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi filin jirgi taryarka.

Aka kira azahar. Ta buɗe ido ta dubi ƙofa. Na ce mata ai sai an duba kaya, sai an buga fasfo, ga cunkoson hanya. Ta gyaɗa kai. Can wajen ɗaya da rabi wani jirgi ya sauko ta kanmu, ƙasa-ƙasa, har kwanon rufi na rawa. Ta matse hannuna.

"Shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Mma. Ya sauka. Kawu na can zai ɗauko shi."

Wallahi ban sani ba ko ƙarya na yi ko gaskiya, ni ma a lokacin rabin zuciyata ta yarda. Fuskarta ta saki gaba ɗaya. Rabon da in ga haka tun kafin ciwon.

Ta ce, "Yoo. Alhamdu lillahi. Tashi ki ɗora masa ruwa, ya sha hanya."

Na ce, "Bari ya shigo tukuna, Mma."

Ta ce, "Fulera, yaron nan ba ya wanka da ruwan sanyi. Tashi."

Na tashi. Na fita tsakar gida, na hura gawayi, na cika babbar tukunya na ɗora. Gawayin ya jiƙe, ya ƙi kamawa, na tsaya ina fifita. Ban fi minti goma ba. Ina cikin fifitar na ji Hajiya ta ɗaga murya da kalmar shahada. Kafin in kai ƙofa an gama. Hajiya ce ta rufe mata ido. Kai kana Yanbu, ni ina tsakar gida, cikinmu babu wanda ke riƙe da kanta.

Hajiya ta ce ba ta sha wuya ba, idonta na kan ƙofa, kuma da murmushinta. Ina riƙe da wannan, kai ma ka riƙe.

Ƙarfe uku Kawu ya dawo shi kaɗai. Ya ce ya tsaya har ƙafarsa ta gaji, sannan ya tambayi wani ma'aikaci, mutumin ya ce masa jirgin Jidda sai lokacin aikin hajji. Ya tarar da mutane sun cika layi. Ya zauna a bakin ƙofa da babbar rigarsa. Na roƙi liman a jira zuwa gobe ko za ka iso, ya ce 'yata, haƙƙinta ne a gaggauta. Bayan la'asar aka yi mata salla, aka kai ta maƙabartar Awudome.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin wasiƙar nan. Da matan da za su yi mata wanka suka zo, suka tambaya ko akwai ruwan ɗumi a gidan. Na ce akwai. Ruwan da ta sa na ɗora maka, da shi muka wanke ta.

Ƙanwarka,
Fulera